Muhawara: Shin Juyin Halitta Zai Iya Zama Aƙidar da Mutum Zai Rayu a Kanta?

Kabiru: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai wata magana da na daɗe ina juyawa a raina, na ga gara in baje ta a nan, inda akwai malamai da masana, da in ci gaba da tauna ta ni kaɗai. Tun da na fahimci ka'idar juyin halitta yadda masana kimiyya suke bayaninta, ta wuce darasin aji a wurina, ta zama hanyar da nake kallon rayuwa gaba ɗaya. Ta gaya mini inda jikina ya fito, ta nuna mini cewa ni da akuya da itaciyar kuka da ƙwaro duk tsatsonmu ɗaya idan aka koma can baya, kuma wannan ya rage mini girman kai ƙwarai. Ta bayyana mini dalilin da ya sa uwa take son ɗanta da dalilin da ya sa muke jin kunya da tausayi, domin jama'ar da 'ya'yanta suke taimakon juna ita ce ta wanzu, wadda kowa yake ta kansa kuwa ta watse. Ko mutuwa ta daina firgita ni kamar da, saboda na gane cewa in na gaba bai kau ba, na baya ba zai sami wuri ba. Tambayata ita ce, mene ne laifin mutum ya ɗauki wannan a matsayin falsafar rayuwarsa, ya riƙa auna alheri da sharri da ita? Manyan masana sun yi haka. Julian Huxley, wanda ya zama shugaban UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na farko a 1946, ya yi kira a fili da a gina addini marar wahayi a kan juyin halitta. Ban zo in taɓa addinin kowa ba, so nake a tattauna da hujja.

Ustaz Mu'azu: Wa alaikumus salam. Ƙanena Kabiru, na yaba da ladabinka, amma abin da ka zo da shi ba sabo ba ne, kuma bai fara daga Ingila ba. Alƙur'ani ya hakaito mana wasu mutane a Suratul Jasiya, aya ta 24, da suke cewa babu wata rayuwa sai wannan ta duniya, muna mutuwa muna rayuwa, kuma babu abin da yake halaka mu sai zamani. Malamai suna kiransu Dahriyya. Da ka'idar juyin halitta ta Charles Darwin ta iso ƙasashen Musulmi, Jamaluddin al-Afghani ya rubuta musu raddi a Indiya a 1881, Muhammad Abduh kuma ya mayar da shi Larabci. Musulmi ya riga ya san asalinsa: Allah ya halicci Annabi Adamu daga turɓaya, ya busa masa rai, ya sanar da shi sunaye. Wanda ya san wannan ba ya bukatar ya je neman dangantaka da biri kafin ya rage girman kai, tuna cewa daga turɓaya yake kuma gare ta zai koma ya ishe shi. Ina ji maka tsoron wannan hanya, domin mafi yawan waɗanda suka hau ta ba a inda suka yi niyya suka sauka ba.

Malam Ado: Allah ya gafarta Malam, a ba ni dama in raba abubuwa biyu da nake ganin ku duka biyun kun cuɗa su wuri ɗaya. Ni malamin ilimin halittu ne a sakandare, kuma wannan darasi yana cikin abin da nake koyarwa a aji shida.

Abin da kimiyya take faɗi ba shi da yawa. 'Ya'ya ba sa zuwa iri ɗaya sak, wasu bambance-bambancen ana gadonsu, kuma waɗanda bambancinsu ya dace da yanayin da suke ciki su ne suka fi rayuwa har su hayayyafa. Idan wannan ya yi ta maimaituwa tsawon zamani, jinsi yana sauyawa. Ba sai mun je tsibiran Galapagos, inda Darwin ya yi nazarin halittu, ba kafin mu gani. Duk wanda ya tashi a shekarun 1980 ya san kulorokwin da ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, ya kuma san yana kashe zazzaɓi. Ƙwayoyin maleriya ƙalilan da suka jure masa su ne suka tsira suka yaɗu, har ta kai wajajen 2005 Najeriya ta daina amfani da shi a matsayin maganin farko, ta koma magungunan haɗi na atimisinin. Sannan ka'idar ba ta ce biri ne ya haifi mutum ba, cewa ta yi mutum da manyan birai sun haɗa kaka can baya, kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7.

Inda nake ja da Kabiru shi ne tsallen da ya yi daga nan zuwa auna alheri da sharri. Babu ɗakin gwajin da yake da ma'aunin "ya kamata". Masanin falsafa David Hume ya lura da wannan fiye da shekara ɗari kafin littafin Darwin na 1859: bayanin yadda abu yake ba ya haifar da hukuncin yadda ya kamata ya kasance, sai an shigo da wani abu daga waje. Shi kansa Darwin bai ɗauki ka'idarsa addini ba. A wata wasiƙa ta 1879 ya ce bai taɓa zama mai musun samuwar Ubangiji ba, mai shakka ne, ya kuma ce wauta ce a yi zaton mutum ba zai iya zama mai cikakken imani da Ubangiji kuma ya yarda da juyin halitta ba.

Kabiru: Na gode, Malam Ado. Amma idan tausayi da kunya da son adalci duk juyin halitta ne ya dasa mana su, me ya sa ba za mu koma ga tushen ba idan muna neman ma'auni? Darwin ya rubuta a 1871 cewa ɗabi'ar kirki ta tsiro ne daga tausayin da dabbobi masu zaman garke suke da shi. Peter Kropotkin, ɗan Rasha da ya yi shekaru yana nazari a Saiberiya, ya nuna a 1902 cewa taimakon juna ya fi faɗa muhimmanci wajen wanzuwar halittu. Dubi zuma, dubi tururuwa, dubi gara da ginin shurinta. Ni abin da na ɗauka daga juyin halitta ke nan: wanda ya taimaki ɗan'uwansa yana tafiya daidai da dokar rayuwa.

Malam Bulus: Salama gare ku duka. Ni Kirista ne, tarihi kuma na karanta, don haka ta wannan ƙofa zan shigo. Ɗan'uwa Kabiru, ka zaɓi Kropotkin, amma ba shi kaɗai ne ya yi ƙoƙarin mayar da juyin halitta dokar rayuwa ba, kuma ba shi ne ya fi samun mabiya ba. Herbert Spencer, wanda ya ƙirƙiro kalmar nan ta wanzuwar mafi dacewa a 1864, ya yi adawa da tallafin gwamnati ga matalauta, domin a ganinsa hakan yana hana al'umma tace kanta. Francis Galton, ɗan'uwan Darwin na jini, ya raɗa wa ilimin gyaran iri na 'yan Adam suna a 1883, wato a ƙarfafa wa waɗanda ake ganin nagari ne haihuwa, a hana waɗanda ake ganin ba su cancanta ba. Maganar ba ta tsaya a takarda ba. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wa jihar Bajiniya ta yi wa wata budurwa aikin hana haihuwa ba da yardarta ba, bisa zargin ƙarancin hankali, kuma kafin a daina wannan ɗanyen aiki an yi wa mutum fiye da 60,000 a ƙasar. Jamus ta Hitler ta kafa irin wannan doka a 1933, ta yi wa kusan mutum 400,000.

Mu baƙar fata kuwa mun san inda aka ajiye mu a wannan tsani. A 1906 an saka wani ɗan Kwango mai suna Ota Benga a ɗakin birai na gidan namun daji na Bronx a birnin New York, mutane suna tururuwa suna kallonsa, sai da fastoci baƙar fata suka tayar da ƙayar baya kafin aka fitar da shi, kuma a 1916 ya kashe kansa. Darwin ya tsani bautar da mutane, wannan gaskiya ne, amma a littafin nan na 1871 da ka ambata ya yi hasashen cewa al'ummomin da ya kira wayayyu za su shafe waɗanda ya kira marasa wayewa su gaje wurinsu. Shi ma Julian Huxley da ka fara da shi ya shugabanci ƙungiyar gyaran iri ta Birtaniya daga 1959 zuwa 1962.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, Spencer da Kropotkin ka'ida ɗaya suka karanta. Ɗaya ya fito da cewa a bar mai rauni ya faɗi, ɗaya ya fito da cewa a ɗaga shi. Ka'idar ba ta raba musu gardama ba, domin kowannensu da abin da ya shigo da shi daga gida ya fita.

Kabiru: Malam Bulus, da girmamawa, wannan hujja tana iya komawa kanku. An yi cinikin bayi shekaru aru-aru, masu yi suna kafa hujja da littattafan addini, a Amurka da ƙasashen Larabawa har da nan ƙasar Hausa. In an ce ɓarnar da mabiya suka yi tana rushe aƙida, to babu aƙidar da za ta tsaya.

Malam Bulus: Haka ne, an yi, kuma ba zan kare shi ba. Bambancin shi ne waɗanda suka yaƙi bauta, irin su William Wilberforce, sun sami umarni a cikin littafin da suka ɗaga wa masu bayi, cewa ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Akwai abin da za a kama mai laifi da shi a ce ya saɓa. A juyin halitta babu umarni ko ɗaya, saboda haka babu wanda za a ce ya saɓa masa. Wanda ya kashe raunana da wanda ya yi jinyarsu duk suna cikin ka'idar, babu wanda ya karya ta.

Malama Hauwa: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, kuma ina ganin wannan muhawara tana da gado a ɗakinmu. Ina nufin sikila.

Babu bayanin da ya fi na juyin halitta gamsarwa a kan dalilin da ya sa wannan cuta ta yi mana katutu. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai ɗauke da rabin gadon, wato AS, yana da kariya mai ƙarfi daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A ƙasar da sauro yake kashe yara, masu AS sun fi kaiwa ga girma da aure, sai gadon ya yi ta yaɗuwa, har yanzu kusan ɗaya cikin kowane mutum huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi, kuma ana ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu SS a ƙasar kowace shekara. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Na yarda da wannan bayani ɗari bisa ɗari, da shi ma muke wayar da kan iyaye.

To amma, Malam Kabiru, ka zo ka tsaya a bakin gado lokacin hunturu, sa'ad da ciwon ya fi tashi. Yarinya 'yar shekara shida, idanu sun yi ɗorawa, yatsu sun kumbura, tana ihu ƙasusuwanta suna sara, ko zane ba ta so ya taɓa ta. Mun sa mata ruwa, mun ba ta maganin ciwo mai ƙarfi, ana neman jini, uban yana waje yana buga waya yana neman wanda jininsa zai dace, uwar tana zaune a tabarma ta kwana uku ba ta runtsa ba. A lissafin juyin halitta wannan yarinya ita ce farashin kariyar da 'yan'uwanta masu AS suka samu, kuma lissafin ya daidaita, babu asara. Idan da gaske dokar rayuwa ce ma'auninka, ba ka da dalilin damuwa. Amma na tabbata da kana wurin kai ne za ka fara miƙa hannu a ɗebi jininka. Duk aikinmu, daga folik asid da gidan sauro da ƙarin jini har gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, ja ne muke yi da abin da yanayi zai yi in an bar shi. Ilimin yana gaya mana inda za mu tare hanya, amma ba shi ne ya sa muke son tarewa ba. Idan wasu iyaye suka ce mana gwajin ja ne da ƙaddara, mukan tuna musu amsar Sayyidina Umar lokacin da ya fasa shiga Sham saboda annoba, cewa daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Malam Ado: Malama Hauwa ta faɗi abin da kakan Julian Huxley ya faɗa. Thomas Henry Huxley shi ne babban mai kare Darwin a zamaninsa, amma a laccar da ya gabatar a Oxford a 1893 ya ce ci gaban ɗabi'ar al'umma ba ya samuwa ta kwaikwayon tafiyar yanayi, sai ta yaƙar ta. Masanin halittu Richard Dawkins ma, wanda babu mai zarginsa da son addini, ya rubuta a 1976 cewa ba yana kiran mutane su gina ɗabi'a a kan juyin halitta ba ne, kuma ya ce mu ne kaɗai halittar da za ta iya yi wa son kan ƙwayoyin gado tawaye.

Kabiru ya ce mu dubi zuma, ni kuma ina cewa ya ɗaga kai ya dubi zanzaro a kusurwar ɗakinsa. Tana ɗauko laka ɗan kaɗan-kaɗan ta gina ɗaki, sannan ta kamo tsutsa ko gizo-gizo ta harbe shi yadda zai sandare ba tare da ya mutu ba, ta cusa shi ciki, ta saka ƙwai, ta liƙe ƙofa. Idan ɗanta ya ƙyanƙyashe sai ya riƙa cin abin nan da ransa, don kada naman ya ruɓe. Wanda ya taɓa fasa gidan zanzaro ya ga su jere a ciki, wasu suna ɗan motsi. Wani dangin wannan ƙwaro ne ya dami Darwin har ya rubuta wa abokinsa Asa Gray a 1860 cewa ya kasa gamsar da kansa cewa Ubangiji mai rahama da gangan ya tsara haka. Wannan tambaya ce da masu imani za su amsa, ba na ɓoye ta. Amma ga mai neman ma'auni a yanayi, zanzaro da zuma duka sun ci jarrabawa ɗaya, duka sun wanzu. Da wane dalili za ka ce mu yi koyi da zuma mu bar zanzaro?

Malam Isufu: Gaisuwa daga Maraɗi. Ni da Ustaz zan yi magana, domin an taru a kan Kabiru alhali akwai laifinmu a cikin abin da yake kai yara inda ya kai. A nan Nijar, a Gadufawa cikin hamadar Tenere, an haƙo ƙasusuwan manyan dabbobi da suka rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, har da wani kada da tsawonsa ya haura mita 9, a wurin da yau ko ciyawa da ƙyar take fitowa. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga irinsu da idonsa. A maƙwabciyarmu Cadi, a hamadar Jurab, wani ɗan ƙasar da yake aiki da tawagar masanin tsoffin ƙasusuwa Michel Brunet ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai a 2001, wanda aka ƙiyasta shekarunsa da kusan miliyan 7. Yaro ya ga wannan, ya dawo ya tambayi malaminsa, sai a ce masa ƙaryar Turawa ce, ya zaɓa, ko ƙashin ko imani. Yaro mai kaifin basira ba zai ƙaryata idonsa ba. Daga ranar da aka tilasta masa zaɓi, sai ya ɗauka cewa tun da ƙashin gaskiya ne, to duk abin da aka jingina wa ƙashin na falsafa shi ma gaskiya ne.

Ustaz Mu'azu: Malam Isufu, maganarka tana da nauyi, kuma ban ce a ƙaryata ƙasusuwa ba. Allah da kansa ya ce a Suratul Ankabut, aya ta 20, a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fara halitta. Alƙur'ani bai ƙayyade mana shekarun duniya da lissafin kalanda ba, kuma babu nassin da ya hana a ce Allah yana sauya dabbobi da tsirrai ta hanyar sabuban da ya ga dama, kamar yadda yake saukar da ruwa ta hanyar girgije. Shaihu Husain al-Jisr na Ɗarabulus ta Labanon ya yi wannan bahasi tun 1888. Shi bai ga ka'idar ta tabbata ba a lokacinsa, amma ya ce da za ta tabbata da dalili yankakke, ba za ta rushe imani ba muddin an riƙe cewa Allah ne mahalicci. Sai dai ina jan hankalin masu ɗoki da suke cewa malaman Musulmi na da, Jahiz da Ibn Khaldun, sun riga Darwin. Jahiz ya siffanta yadda dabbobi suke cin juna, Ibn Khaldun kuma ya yi maganar matakan halitta daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi zuwa mutum, amma wannan tsari ne na daraja da masana falsafa suka saba faɗi, ba ka'idar Darwin ba ce.

Inda na tsaya ban motsa ba shi ne Annabi Adamu. Suratu Ali Imrana, aya ta 59, ta kwatanta halittar Annabi Isa da tasa, kuma ma'anar kwatancen ba ta fita sai in shi ma ba shi da uba. Wannan nassi ne, ba zan sayar da shi don wani ƙoƙon kai ba. Tambayar zanzaro kuwa, rashin ganin hikima ba dalili ba ne na rashin hikimar.

Malam Ado: Allah ya gafarta Malam, a nan kam ba za mu rufe baki ɗaya ba, kuma ba zan yaudari zaure ba. Shaidar da take haɗa jikin mutum da na manyan birai ba ta tsaya a ƙashi ba. Mutum yana da kuromosom, wato zarurrukan da suke ɗauke da ƙwayoyin gado, tagwaye 23, su suna da 24, kuma da aka duba na biyu a cikin namu sai aka tarar guda biyu ne suka haɗe, da alamar mahaɗar a tsakiya, daidai da guda biyu da suke rabe a jikinsu. Kimiyya ba ta da kayan aikin da za ta tabbatar ko ta kore mu'ujizar da ta faru ga mutum ɗaya, shi ya sa wasu masana Musulmi na yanzu, irin su David Jalajel da Shoaib Ahmed Malik, suke cewa ana iya riƙe halittar Annabi Adamu ta musamman ba tare da an musanta sauran shaidar ba. Wasu malamai sun karɓa, wasu sun ƙi.

Ustaz Mu'azu: Ina cikin waɗanda ba su gamsu ba tukuna, domin kamanni a gini yana iya nuna magini ɗaya ne. Amma wannan saɓani ne a kan yadda aka yi jiki, kuma ba shi Kabiru ya tambaya ba.

Kabiru: Na karanta duka, kuma maganar Malama Hauwa ce ta fi tsaya mini. Duk da haka ban ga an ture ni gaba ɗaya ba. Ko da juyin halitta ba ya ba da umarni, sanin sa ya sauya ni. Na daina kallon mai sikila a matsayin wanda aka yi wa asiri, na daina raina wata ƙabila tun da na san duk ɗan Adam daga Afirka ya fito, na daina kashe abin da bai cuce ni ba. Idan na zaɓi tausayi da kaina, ba don tsoron wuta ko kwaɗayin lada ba, me ya rage wa zaɓina? Kuma ku ma ina da tambaya gare ku. Idan wahayi ne tushen ɗabi'a, me ya sa ake samun amana da kunya a wurin mutanen da manzo bai taɓa je musu ba, har ma ake ganin alamun tausayi a wurin dabbobi?

Ustaz Mu'azu: Wannan ita ce fiɗira, ƙanena. Hadisi ya ce kowane jariri a kanta ake haihuwarsa, kuma Suratus Shams ta ce an kimsa wa rai fajircinsa da taƙawarsa. Ba mu ce wahayi ne ya ƙirƙiri tausayi ba, cewa muka yi shi ne yake gaya maka wanne za ka bi a cikin biyun da ka tarar a ƙirjinka, musamman ranar da tausayin zai ci maka kuɗi ko mutunci.

Malam Bulus: Babu abin da ya rage wa zaɓinka, Kabiru, sai dai ka kira shi da sunansa. Ka ce "na zaɓi", kuma wannan zaɓi ba daga Galapagos ya zo ba. A gidanku aka koya maka kada ka ci abinci maƙwabci yana kallo, sannan ka je ka karanta Darwin da wannan idon. Michael Ruse, masanin falsafar da ya ba da shaida a kotun Arkansas a 1981 don kare koyar da juyin halitta a makarantu, kuma shi kansa ba mai imani ba ne, ya yi ta gargaɗin 'yan'uwansa cewa akwai juyin halitta na kimiyya, akwai kuma wanda wasu suka mayar addinin zamani, kuma kada a shigar da na biyun aji da rigar na farko.

Malam Ado: Game da dabbobi, Kabiru, gaskiyarka ce, akwai shaida. A 2003 Sarah Brosnan da Frans de Waal sun wallafa gwajin da suka yi da wasu ƙananan birai: ana ba ɗaya kokwamba a kan aikin da ake ba ɗan'uwansa inabi, sai ya ƙi karɓa, wani lokaci ma ya yar da ita. Amma a dajin Gombe, na Tanzaniya ba namu ba, Jane Goodall ta shaida yadda garken manyan birai ya rabu biyu, kuma daga 1974 zuwa 1978 mazan ɓangare ɗaya suka riƙa bin mazan ɗaya ɓangaren ɗaya bayan ɗaya suna kashewa har suka ƙarar da su, suka mamaye yankinsu. Waɗannan maharan da juna suke haɗa kai, suna yi wa juna tsifa, suna raba nama, wato taimakon junan da Kropotkin ya yaba shi ne makamin yaƙinsu. Tausayin da juyin halitta ya dasa ya fi ƙarfi ga dangi da 'yan gida, yana raguwa da nisa, shi ya sa ƙabilanci ba ya bukatar malami. Kai kuma ka ce ka daina raina kowace ƙabila, har ƙwaro kake ji wa tausayi. Ka wuce inda ka'idar ta kai ka da nisa, don haka ina so in ji daga bakinka abin da ya ɗauke ka sauran tafiyar.